Daga Soro Zuwa Aji: Tarihin Zaman Makaho, Kurma da Gurgu Cikin Ɗalibai a Birnin Kano



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya bambanta bayinSa a gani da ji da ƙarfin gaɓɓai domin jarrabawa, sannan Ya sanya taƙawa ta zama ma'aunin fifiko a tsakaninsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Gabatarwa

Akwai wata mas'ala da ake yawan tattaunawa a tsakanin malaman makaranta da iyaye: shin yaron da Allah Ya jarrabta da makanta, ko kurumta, ko gurguntaka, aji ɗaya ya kamata ya zauna da sauran yara, wato abin da ake kira ajin haɗaka, ko kuwa a ware masa makarantarsa daban? Manya ne ke yin muhawarar, alhali kuwa samari da 'yan mata 'yan shekara 13 zuwa 19 su ne ke zaman ajin, kuma a waɗannan shekaru ne ɗan Adam ya fi damuwa da irin kallon da tsararrakinsa ke yi masa. Wasu na ɗaukar maganar a matsayin baƙon abu da Turawa suka kawo. Ni kuwa da na tashi a Soron Ɗinki, cikin birnin Kano, na san cewa soraye da zaurukan karatunmu sun daɗe da fuskantar wannan tambaya, sun amsa wani sashe nata da kyau, sun bar wani sashe babu amsa. Abin da tarihi ya nuna mini shi ne, tara yara a ɗaki ɗaya ba shi da wuya. Abin da ke mayar da su 'yan'uwan juna abu biyu ne: karatu ya zo wa kowa ta ƙofar da Allah Ya bar masa a buɗe, kuma kowa ya kasance yana da abin da yake amfanar ɗan'uwansa da shi.

Abin da muka gada daga Madina

Mai karatu ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa, sura ta 80. Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA), makaho, ya zo neman a sanar da shi addini a daidai lokacin da Manzon Allah (SAW) ke zantawa da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Allah Ya saukar da itabi ga MasoyinSa a kan juya wa makahon baya. Ke nan tun a Makka aka yanke hukunci daga sama cewa ɗalibi makaho yana da wurin zama a majalisin ilimi, kuma darajar wani ba ta ture shi.

Abin da ya biyo baya a Madina ya fi jan hankalina. Ba a ajiye Ibn Ummi Maktum gefe ana tausaya masa ba, aiki aka ba shi. Shi ne ladan tare da Bilal (RA), kuma sau da yawa shi Manzon Allah (SAW) ke bari ya ja wa mutane salla idan ya fita yaƙi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kiran sallarsa ne alamar kame baki ga masu azumi, shi kuma ba ya kira sai masu ido sun gaya masa alfijir ya keto. A duba wannan tsari da kyau: shi yana dogara da idonsu, su kuma suna dogara da muryarsa, babu wanda ya zama kaya a kan wani.

Sannan akwai hadisai biyu da ya kamata a riƙa karanta su tare. A Sahihu Muslim, wani makaho ya nemi izinin yin salla a gida saboda rashin ɗan jagora, aka ba shi, sai kuma aka sake kiransa aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, da ya amsa aka umarce shi ya riƙa halarta. Shi kuwa Itbanu ɗan Malik (RA), da ganinsa ya raunana kuma ruwa kan tare masa kwarin da ke tsakaninsa da masallacin mutanensa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya taka har gidansa ya yi salla a wurin da zai riƙa a matsayin masallaci. Ɗaya an jawo shi cikin jama'a, ɗaya an kai masa sauƙi har gida, kowa gwargwadon halinsa.

Aya ta 61 a Suratun Nur kuwa kamar domin ajin yau ta sauka. Daga cikin abin da malaman tafsiri suka kawo game da ita, akwai cewa masu lafiya sun kasance suna ƙin cin abinci da makaho da gurgu da mara lafiya, wasu don ƙyama, wasu don tsoron kada su ci rabonsu, tunda makaho ba ya ganin inda nama yake. Akwai kuma ruwayar cewa su masu larurar ne da kansu ke janye jiki don kada a ƙyamace su. Sai ayar ta ɗauke ƙuncin. Wannan nauyi da kowane ɓangare ke ji na ɗayan, shi ne dai har gobe ake gani a fuskokin samari idan aka zaunar da su benci ɗaya.

Sunayen da ke cikin salsalar karatunmu

Da yawa daga cikinmu ba mu lura cewa karatun da muke taƙama da shi ta hannun masu larura ya iso mana ba. Ruwayar Warshu da tsangayun ƙasar Hausa suka gada daga Imam Nafi'u na Madina take, wanda ya rasu a shekara ta 169 bayan Hijira. Cikin malaman Nafi'u akwai Abdurrahman ɗan Hurmuz, wanda duniya ta fi sani da Al-A'araj, ma'ana mai ɗingishi. Shi ne dai wanda almajirin Muwaɗɗa ke maimaita sunansa: Malik daga Abuz Zinad, daga Al-A'araj, daga Abu Huraira. Ƙaluna, abokin Warshu a ruwaya daga Nafi'u, masu tarihin maƙaranta sun ambata cewa ya kurumce ƙwarai, amma yana duban leɓɓan mai karatu ya kama masa kuskure. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 590, makaho ne, kuma baitocinsa 1,173 su ne har yau ginshiƙin mai neman ƙira'o'i bakwai. Ƙatada na Basra da makanta aka haife shi. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka, yana da ɗingishi da shanyewar hannu, daga baya kuma ya makance. Galibin waɗannan a halƙa ɗaya suka yi gwiwa da sauran ɗalibai, har suka zama su ake yi wa gwiwa. Ta fuskar hukuma kuma, masu tarihi sun kawo cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96, ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali.

Kano: unguwar makafi da soron karatu

A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, Baturen Birtaniya mai yawon buɗe ido Hugh Clapperton ya shigo Kano. Cikin abin da ya rubuta akwai cewa makanta ta yawaita a garin, kuma makafi suna da unguwarsu a cikin ganuwa, mai tsabta da kyawun gini, suna samun wani kaso daga hukuma, suna kuma bara a tituna da kasuwa. Ya ce an shaida masa guragu ma suna da irin wannan tsari. Wannan shi ne tsarin da muka sani na Sarkin Makafi da jama'arsa a gefen Dala, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, da Sarkin Bebaye. Tsari ne da ya ba su shugabanci da murya a fada da mai raba musu gardama, amma kuma ya ɗaure da yawansu a kan sana'a ɗaya, wato bara, har ɗan makaho mai ido ya zama ɗan jagora ya rasa nasa karatun.

A gefe guda kuma ga soron malam, wanda ƙofarsa ba ta tambayar ido. Me ya sa makaho ya iya zama a cikinsa? Dalilan a fili suke. Na farko, karatun na kunne ne da baki: malam ya biya, almajiri ya maimaita. Na biyu, babu aji mai tafiya tare. Kowa da inda allonsa ya tsaya, ko babin da ya kai a Ahalari ko Ishmawi ko Risala, saboda haka babu wanda zai ce wani ya ja shi baya. Na uku, kowa a ƙasa yake zaune, kan tabarma ko buzu. Gurgun da ya shigo da rarrafe, da zarar ya zauna ya yi daidai da kowa. Na huɗu, wanda shi ne mafi muhimmanci, makaho yakan zama abin nema. Abokinsa mai ido zai karanta masa allo, shi kuma idan aka zo tilawa sau da yawa haddarsa ta fi ƙarfi, shi ke yi wa mai idon gyara. Rubutun allo ne kaɗai ya gagare shi. Irin wannan karatu na zaure ne ya fitar da Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1990, ya makance tun yana ƙarami, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

To amma adalci ne a faɗi cewa ƙofar da ta buɗe wa makaho ita ce ta rufe wa kurma. Yaron da aka haifa ba ya ji, ko sanƙarau ko ƙyanda suka tafi da jinsa yana ƙarami, karatun kunne ba shi da hanyar isa gare shi. Ƙaluna ya riga ya ji Alƙur'ani ya haddace shi kafin ya riƙa gane shi a leɓe, shi kuwa wannan yaro bai taɓa jin harafi ba. Yana iya kwaikwayon rubutun allo, yana iya bin sahu ya yi ruku'u da sujada, amma ma'anar abin da ake yi sai ɗan abin da ya tsinta. Inda kurma ya samu shiga shi ne ɗaya soron, wanda sunan unguwarmu ke tunatar da mu, wato soron ɗinki. Sana'ar allura da zare ta ido ce da hannu: a nuna maka, ka duba, ka yi. Wanda ya zauna cikin birni ya san kurma mai ɗinkin hula ko aikin riga wanda hannunsa ya fi na masu ji kyau, abokan zamansa kuma sun iya yi masa magana da hannu ba tare da wani ya koya musu a makaranta ba. Ashe muna da soro biyu, ɗaya na kunne ɗaya na ido, sai dai ba mu haɗa hikimarsu wuri guda ba, kurma ya samu sana'a ya rasa karatun addininsa.

Zuwan boko da makarantu na musamman

Da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, wani sabon tsari ya shigo: baƙin allo da alli, littafi a hannun kowa, jarrabawa a rubuce, aji mai tafiya tare bisa shekaru, sannan benci da tebur, daga baya har da bene. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan katanga ne ga wani. Baƙin allo ya fitar da makaho, matattakala ta fitar da gurgu, kurma kuwa dama yana waje.

Turai ta riga ta samo wa makaho hanyar karatu da yatsa. Abin mamaki, a shekarar da Clapperton ke zaga unguwar makafin Kano, 1824, a ita ce wani yaro makaho ɗan shekara 15 a Faransa, Louis Braille, ya kammala tsara rubutunsa mai ɗigo shida, aka buga shi a 1829. Sai dai a Arewa ta hannun 'yan mishan wannan ilimi ya fara isowa. Mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido a Kano a 1943, mishan ɗin SUM kuma ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, ƙasar Filato, a 1953. Ta ɓangaren kurame, Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya shigo da maganar hannu irin ta Amurka. Uba Musulmi a birnin Kano sai ya samu kansa tsakanin abu biyu masu ɗaci: ya tura ɗansa nesa hannun mishan yana fargabar addininsa, ko ya riƙe shi a gida ya tashi babu boko. Kaɗan ne suka tura. Cikin waɗanda suka je Gindiri akwai Jibrin Isa Diso, ɗan unguwar Diso a nan cikin birni, Allah Ya jiƙansa, wanda ya koyar a sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero har ya kai matsayin farfesa a 2019. Idan mutum ya tuna shi, sai ya tambayi kansa: irinsa nawa muka bari a bakin masallaci da ƙoƙo?

Gwamnati ta shigo ne bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware babi ga ilimin masu larura, har ta nuna cewa haɗa su da sauran yara shi ne ya fi dacewa, tunda cikin jama'a za su rayu. A shekarar ce aka buɗe kwalejin horar da malamansu a Oyo, kuma a ita ce Kano ta samu makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi. A nan ne yaro kurma ya fara samun ɗaruruwan tsararraki masu harshe irin nasa. Harshe kuwa na ce da gangan, domin Bajamushiya Constanze Schmaling, wadda ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta fitar da littafi a 2000 da ya tabbatar da cewa maganar hannu ta Hausa harshe ce cikakkiya mai ƙa'idojinta.

Daga nan duniya ta karkata ga haɗaka. A 1994 gwamnatoci 92 suka amince a birnin Salamanka na ƙasar Sifen cewa makarantar kowa ta karɓi kowa. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, Nijeriya ta rattaba amincewarta a 2010, sannan a Janairun 2019 aka sanya hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna musu bambanci. Mu a Kano maganar ta shafe mu kai tsaye, domin annobar sanƙarau ta 1996 ta bar yara da yawa babu ji, kuma bayan dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa 2004, yaran da cutar ta kama a Nijeriya a 2006 kaɗai sun haura 1,000.

Yadda samarin ke kallon abin

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda duk ya saurari samarin nan zai ji cewa ra'ayinsu ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana bin sawun tarihin da muka bayyana.

Saurayi makaho galibi yana son ajin haɗaka, domin hira da muhawara da raha duk da baki ake yinsu, kuma nan ne fagensa. Kukansa shi ne malamin da zai rubuta a allo ya ce a kwafa ba tare da ya furta abin da ya rubuta ba, da rashin littafin Braille, da lissafin da ake nunawa da yatsa ana cewa wannan a kan wancan. Gurgu ba shi da matsala da darasin, matsalarsa ginin ne: aji a bene, ƙofar da keke ba ya shiga, da bayan gidan da ba ya takuwa da hannu, wanda ga budurwa shi kaɗai ya isa ya raba ta da makaranta. Shi kuwa kurma, sau da yawa ya fi son makarantar kurame, kuma yana da hujja. Zama cikin mutum ɗari suna dariya bai san abin da aka faɗa ba kaɗaici ne da ya fi na zaman ɗaki. Ita kanta yarjejeniyar 2006 ta yi sharaɗin a koyar da kurma da makaho da harshe da hanyar da ta fi dacewa da su. Abin da dukkansu suka haɗu a kai shi ne ƙin tausayi mai ƙasƙantarwa, irin na a ba ka maki don larurarka, ko a yi maganarka a gabanka kamar ba ka wurin.

Su kuma masu lafiya, mafi yawan abin da ke ransu nauyi ne da rashin sabo, irin wanda tafsirin ayar Suratun Nur ya bayyana: me zan ce masa, kada in yi abin da zai ɓata masa rai? Akwai masu tsoron a ja su baya ga jarrabawa na matsowa, kuma tsoron ba na banza ba ne a ajin da yara suka haura ɗari gaban malami ɗaya. Akwai masu tsokana, waɗanda suka sha karin maganganun da muke yi wa makaho da gurgu ba'a da su tun suna goye. Akwai kuma yaron kirki da malam zai ɗora wa hidimar abokinsa shi kaɗai shekara guda, ya koma ɗan jagora, har gajiya ta sa ya fara gudunsa.

Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka Gordon Allport ya bayyana a 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan an cika sharuɗɗa huɗu: matsayi ya zama ɗaya, buri ya zama ɗaya, a yi aiki tare, kuma shugabanni su goyi baya. Da na auna, sai na ga soron malam ya cika wa makaho duka huɗun: tabarma ɗaya, burin sauka, tilawa tare, ga kuma malam da ba ya yarda a wulaƙanta almajirinsa. Ajin da ya rasa su kuwa, ko an kira shi na haɗaka, zaman 'yan marina ake yi a cikinsa, kowa da inda ya fuskanta.

Kammalawa

Saboda haka kirana ga masu makarantun Islamiyya na cikin birni, tunda su ne magada soro: mu fara da abin da ke hannunmu. Malami ya riƙa furta duk abin da ya rubuta. A sauko da ajin da ke da gurgu ƙasa, a gyara bayan gida. A raba hidimar aboki tsakanin ɗalibai, kuma a ba shi shi ma aikin da za a neme shi dominsa, kamar sauraren hadda ko jan salla. Mafi girma duka, mu biya bashin da ke kanmu na kurame: a samu matasa masu ji da za su koyi maganar hannu, a ɗauki kuramen da suka yi karatu su koyar, domin Tauhidi da hukuncin tsarki da salla su isa ga kowane baligi, tunda shi ma mukallafi ne gwargwadon abin da ya isa gare shi. Kafin a yanke wa saurayi inda zai zauna kuma, a tambaye shi, kamar yadda aka saurari Itbanu.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin 'yan'uwanmu, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya amfanar da mu da jinmu da ganinmu muddin muna raye.